Me Ke Sa Ɗalibin Likitanci Ya Ci Jarrabawa Ko Ya Faɗi?



Duk lokacin da sakamakon ɗaliban likitanci ya fito, magana iri biyu ake ji a harabar majami'a. Wanda ya ci, a ce ai da ƙwaƙwalwarsa aka haife shi. Wanda ya faɗi, a ce akwai hannun maƙiya daga ƙauye. Ban yarda da ko ɗaya ba. Yaron da ya tsallake JAMB har ya sami gurbin likitanci a Jami'ar Jos ko ABU Zariya ko Bingham, ba ƙwaƙwalwa ce matsalarsa ba. Kusan kowa a ajin nan gwani ne a makarantar da ya fito. Abin da ke raba su daga baya abubuwa ne da ido yake gani.

Ga yadda hanyar take, saboda ƙannenmu masu sha'awa. Karatun shekara 6 ne a Najeriya in ba a yi yajin aiki ba, da manyan jarrabawa mataki-mataki, kuma wanda ya yi ta faɗuwa ana iya sallamarsa daga sashen. In ya gama, hukumar MDCN ta ba shi lasisin wucin gadi, ya yi shekara ɗaya yana aiki ƙarƙashin manyan likitoci, sannan a ba shi cikakke. Wanda ya yi karatu a ƙasar waje kuwa sai ya zauna jarrabawar hukumar tukuna, kuma an sha yin zaman da fiye da rabin masu rubutawa suka faɗi.

Abu na farko shi ne yadda ake karatun, ba yawan awoyi ba. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu su koya. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu kuma suka karanta, suka rufe, suka rubuta abin da suke iya tunawa. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda sai labari ya juya, masu gwada kansu suka wuce su. Abin da ya fi ba ni mamaki, masu maimaitawar ne suka fi tabbata cewa za su tuna. Wannan shi ne tarkon. Ka buɗe littafi sau huɗu, ka shafa masa kala, shafin ya zama kamar fuskar maƙwabcinka, sai ka ɗauka ka iya. Ganewa daban, iyawa daban. Rufe littafin ka zana jijiyoyin hannu da ka. Ɗauko tsofaffin tambayoyi ka amsa da agogo a gabanka. Zaunar da abokinka ka bayyana masa yadda ƙoda take aiki, inda ka tsaya kana "em, em", nan ne ramin yake. Akwai ciwo a irin wannan karatu, shi ya sa ake gudunsa.

Na biyu, bakin gadon mara lafiya. Mai jarrabawa zai tsayar da kai gaban mutum mai rai ya ce ka duba shi, kuma hannun da bai saba taɓa ciki ba, nan take ake gane shi. A nan ne da yawa daga cikin 'ya'yanmu da suka dawo daga waje suke tuntuɓe, ba don su daƙiƙai ne ba. Wanda ya yi karatu a inda marasa lafiya ke magana da harshen da bai ƙware a kansa ba, da wuya ya sami zama da su yadda ya kamata. Cututtukan ma ba ɗaya ba ne. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a jikin yaro, sikila, taifod, tamowa, saran maciji irin wanda ake kaiwa Kaltungo, mai yiwuwa a littafi kawai ya gan su. Ga kuma yaƙi. Na Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, karatu ya koma intanet, MDCN ta ce ba za ta karɓi irin wannan shaidar ba. Na Sudan ya biyo baya a Afrilun 2023, aka kwaso ɗalibanmu da yawa karatu bai ƙare ba. Saboda haka iyaye, kafin a sayar da gona ko shanu, a tambaya ko hukumar ta amince da makarantar, da wane harshe ake magana da marasa lafiya, kuma ko ana barin ɗalibi baƙo ya taɓa su. Wanda ya riga ya dawo, kada ya ruga jarrabawa. Ya nemi asibitin koyarwa ya yi watanni yana bin likitoci zagaye. Kai kuma da kake gida kana jin Hausa da harshen garinku, kana da abin da wasu ba su da shi, domin tsohuwa za ta gaya maka ciwonta ba tare da tafinta ba.

Kuɗi ma yana ciki, ba sai na daɗe a kai ba. Ciki da yunwa ba ya riƙe karatu, kuma yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye wata takwas na haya da abinci ba tare da an ci gaba ba. Bashin ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a 2024 ga masu karatu a makarantun gwamnati, wanda ya cancanta ya nema, ba abin kunya ba ne.

Yanzu ga inda nake so shugabannin zumunta su saurare ni. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana. Ɗalibin da ya kwana uku yana karatu da kofi da goro yana zuba ruwa ne a kwando. To, wannan ɗalibin, da yake mai aminci ne, shi kuke naɗawa sakatare, shi ne mai koyar da nazarin Littafi Mai Tsarki, yana cikin mawaƙa, kuma in bai zo addu'ar dare ta Jumma'a ba sai a fara cewa ya yi sanyi a ruhaniya. Haba 'yan'uwa! Wani zai ce Fasto, ai kana sa karatu gaba da Allah. A'a. Ya zo sujada ranar Lahadi, ya riƙe addu'arsa ta kowace safiya. Amma Daniyel da abokansa shekara uku suka yi suna koyo a Babila kafin su tsaya gaban sarki a gwada su. Addu'a ba za ta sa maka abin da ba ka karanta ba a kai, kuma matar da za a kawo da ƙarfe biyu na dare tana zubar da jini tana bukatar likitan da ya san abin yi. Wata biyu kafin babbar jarrabawa, ku sauke masa duk wani muƙami, ba sai ya roƙa ba.

Sai maganar wanda ya faɗi. Tun yana aji ɗaya kowa ke kiransa Dokta, mama ta riga ta ba da shaida a zumuntar mata. Ranar da sunansa bai fito ba, ba jarrabawar ce kaɗai ta danne shi ba, har da idon jama'a. Wasu sukan ɓoye wa iyayensu shekara guda, wasu su daina zuwa majami'a, wasu damuwa ta kwantar da su. Tsoro irin wannan shi ke kawo faɗuwa ta biyu. In kun san mai sake zama, kada ku tsare shi a bakin ƙofa da tambayar yaushe zai gama. Ku haɗa shi da wani likita a ikilisiya ko a ƙungiyar CMDA wanda zai zauna da shi su duba inda ya rasa maki, ko a rubutu ne ko a gaban mara lafiya, domin gyaran ba ɗaya ba ne. In kun ga ya daina cin abinci, ya daina barci, ya janye daga mutane, ku yi addu'a da shi, sannan ku raka shi wurin likita a makon nan.