Teku Ba Ruwan Kwano Ba Ce

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu iliminmu, daga Gumel har Kano, wai batun hauhawar teku matsalar mutanen Kudu ce, mu tamu hamada ce da fari. Wanda ya ɗan yi bincike kuma yakan kawo lamba guda: teku ta ƙaru da kusan santimita 20 daga 1901 zuwa 2018. Sai ya taɓe baki ya ce, taƙi ɗaya ke nan, me zai ci wa mutum?

Lambar gaskiya ce, kwamitin IPCC na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya fitar da ita a 2021. Amma matsakaicin lissafi ne na duniya baki ɗaya, kuma dogaro da ita kaɗai lalaci ne. Abin da ke rushe gida shi ne daren da cikar teku ta haɗu da iska mai ƙarfi da manyan igiyoyi, ruwa ya yi toroƙo ya haura tudu. Wannan daren kuwa kowace gaɓa da irin nata.

A Tekun Bengal ruwan ba shi da zurfi, bakinsa kuma ya tsuke kamar mazurari, shi ya sa guguwa ke tattaro shi ta jibga a kan ƙasa. Guguwar Bhola ta Nuwamba 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000. A Holan, ambaliyar 1953 ta ci rai 1,836, ta sa suka shafe shekaru suna gina madatsu. A arewacin Suwidin ƙasar ce ke ɗagowa, teku na ja da baya. A Jakarta ƙasar nitsewa take yi saboda yawan zuƙe ruwan ƙarƙashinta.

Tamu gaɓar daban take. Irin guguwar Bengal ba ta tashi a Tekun Gini, kuma tazarar cika da janyewar ruwa a Legas ba ta wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. Haɗarinmu dogayen igiyoyi ne da ke tasowa daga can kudancin Atalantika su doki gaɓa mai yashi, marar tudu. Sai kuma aikin hannunmu. Ganuwar duwatsu da Turawa suka fara ginawa a bakin tashar Legas a 1908 ta tare yashin da ruwa ke turawa daga yamma zuwa gabas, sai teku ta koma tana cin Bar Beach shekara da shekaru. A Agusta 2012 ta afka wa Kuramo ta tafi da rayuka. Garin Ayetoro na Jihar Ondo yana ƙarewa a kan idon mutanensa. An kare Victoria Island da katangar Eko Atlantic, mazauna gabashinta kuwa sun daɗe suna kukan cewa ruwan ya juyo kansu. Mai kuɗi ya yi shinge, ɓarna ta koma gonar maƙwabci.

To ina ruwan Gumel, da ke nesa da teku fiye da kilomita 1,000 ta hanyar mota? Riɗin da ake nomawa a Gagarawa da Sule Tankarkar, da zoɓon da ake tarawa a Maigatari domin kaiwa Meziko, ta tashoshin Legas suke fita. Shanun kasuwar Alhamis ta Maigatari can Kudu ake yanka da yawansu. Matatar Ɗangote da sabuwar tashar Lekki, wadda aka buɗe a Janairu 2023, duk a bakin wannan ruwa suke zaune. Ban ma taɓo 'yan'uwanmu da ke neman abinci a Obalende da Mile 12 ba. Ranar da ruwa ya datse hanyar Apapa, manomin riɗi zai ji a farashin buhunsa kafin ya ji a rediyo.

Tun 2024 ake gina titin Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kimanin kilomita 700, da kuɗin tarayya, wato har da na Bagumale. Zai bi ta yashin Lekki, da taɓon Ondo, da fadamun Neja Delta, kuma ruwa ba ya yi wa waɗannan wurare hali iri ɗaya. Wakilanmu a Majalisar Tarayya suna da ikon kiran Ma'aikatar Ayyuka su tambaye ta: a kowane yanki, wane tsayin ruwa aka yi lissafi da shi, na'urar wace tasha ta auna shi, kuma awon na shekara nawa ne?