Gaba Da Gabanta: Masu Wankiya Sun Gamu Da Ubangidansu

Mai karatu, yau ba sharhin fim na kawo maka ba. Faɗa na zo yi, kuma da 'yan'uwana 'yan fim da marubuta zan yi shi. Wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Tun da aka fara zancen ƙirƙirarriyar basira, wato na'urar nan da za ka ce mata rubuta kaza ta rubuta, zana kaza ta zana, mutanen industiri suka rabu gida biyu. Kashi na farko dariya suke yi. Wai sun gwada ta da Hausa ta yi musu kwaɓa, ta mai da mace namiji, ta fassara karin magana kamar Bature ɗan koyo, don haka su hankalinsu kwance. Kashi na biyu kuwa sun ɗora hannu a ka, wai sana'a ta mutu, gobe na'ura za ta kori jarumi da mawaƙi da marubuci. Ni a wurina dukkansu sun saki hanya. Na'urar nan ba kowa za ta ci ba. Akwai wanda ta zo dominsa, shi ne mai wankiya.

Bari in gaya maka yadda abin ke aiki, don kada wani ya ruɗe ka da cewa aljani ne a cikin waya. Ba zaunar da ita aka yi aka koya mata nahawu kamar ɗan firamare ba. Rubuce-rubuce ake ɗura mata tuli guda, na littattafai da jaridu da abin da ke intanet, sai a riƙa ɓoye mata kalma ta gaba ana cewa ta canka. In ta kuskure a gyara mata lissafi, a sake gwada ta, sau biliyoyi. Da haka take gane cewa bayan "Allah ya ba da" galibi "sa'a" ko "haƙuri" ke biyowa. Dabarar da ta kawo wannan ci gaba wasu masu bincike na Google ne suka fito da ita a 2017, a kanta kuma aka gina ChatGPT da ya fito a Nuwamban 2022. Daga rubutu aka shiga murya da hoto. A Fabrairun 2024 kamfanin OpenAI ya nuna Sora mai haɗa bidiyo daga 'yan kalmomi, a Mayun 2025 kuma Google ya fito da Veo 3 mai haɗa hoton har da magana da sauti.

Ka ga ke nan asalin sana'arta kwaikwayo ne. Ta ga abu sau dubu, ta sake ɗinka shi ta sa masa sabuwar riga. To tsakani da Allah, wannan bai yi maka kama da wata sana'a da ka sani ba?

Daga "Turmin Danya" na 1990 zuwa yau an yi finafinai masu kyau, ba na musu. Amma kai da ni mun san yadda aka yi da yawa daga cikin sauran. A sa kaset ɗin Indiya a gaba, Raj ya koma Kabiru, Puja ta koma Zainab, a nemi lambu a yi rawa da waƙa, shi ke nan an yi fim. Har suna muka raɗa wa abin, wankiya, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana rubutu a kansa. Da aka koma finafinai masu dogon zango a YouTube ma ba a sake zani ba: samari biyu budurwa ɗaya, kishiya da boka, gadon da aka danne. Marubutan littafi, ku ma kada ku yi murmushi. Sau nawa za mu karanta labarin attajiri mai girman kai da ya kusa buge marainiya da mota, daga nan tsana ta rikiɗe ta zama so? Irin wannan labari na'ura za ta zubo maka goma kafin shayinka ya huce, ba ta neman kuɗin mota, ba ta yin fushi a lokeshin. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta!

Masu dariya za su ce ai ba ta iya Hausa ba. Gaskiya ne Hausarta da saura, dalili kuwa shi ne rubutun Hausa da ke intanet bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na Turanci. Amma ku duba inda aka dosa. A 2013 Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara. A 2022 kamfanin Meta ya fito da na'urar fassara harsuna 200, da Hausa a ciki. A wannan shekarar dai, wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero suka fito da NaijaSenti, inda aka tattara dubban saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Fijin, aka tantance na yabo da na suka, don na'ura ta koyi gane zuciyar mai magana. A Satumban 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS mai jin Hausa. Ni ina yaba wa 'yan'uwanmu masu wannan aiki, domin gyatumar da ba ta jin Turanci ita ma tana da haƙƙin waya ta yi mata bayani da harshenta. Sai dai wannan na nufin dariyar taku ba mai daɗewa ba ce.

Kuma ai mun taɓa ganin irinta. Da fiyanon Yamaha ta shigo situdiyoyin Kano, yaro ɗaya ya riƙa fitar da kiɗan da a da sai an tara makaɗa. Daga baya masu fassara suka sa wa Indiyawa Hausa a baki, mai kallo ya ce me zai kai ni ga kwafi alhali ga asalin nan ina jin abin da suke faɗa? Ga masu turi a waya sun zo sun ƙarasa kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai. Ka zagaya shagunan cajin waya a nan Tudun Wada, ko Gama, ko Gwagwarwa, ka tambayi abin da matasa ke turawa, za ka ji Indiya-Hausa a sahun gaba. Duk lokacin da aka samu wanda ya fi mu iya kwaikwayo, mu ne ke kwana ciki. Kayan aro ba ya rufe katara.

To mene ne na'urar ba ta da shi? Abin da ba a taɓa rubutawa ba. Unguwar nan tamu tun zamanin Turawa matattarar baƙi ce daga sassan Arewa, kowane lungu da labarinsa. Gidan haya mai iyali goma da rigimar kuɗin wuta a ƙarshen wata. Ɗan adaidaita sahu da ke lissafin balas tun da asuba. Uwar adashi da kuɗin mutane ya maƙale a hannunta ana saura kwana uku biki. Wa ya yi fim ɗinsu? Na'ura ba ta taɓa kwana a ɗakin da rufinsa ke yoyo ba, kai ka kwana. Ka tuna, da wani kamfanin ɗab'i na Indiya, Blaft, ya tashi buga littafin Hausa da Turanci a 2012, "Alhaki Kuykuyo Ne" na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ya ɗauka, labarin matar Kano da miji ya wulaƙanta. Su Indiyawan ma namu na asali suka nema.

Sai dai ko na asalin ka yi, in ba ka yi masa shinge ba, wani zai girbe. A 2023 marubutan finafinan Amurka sun yi yajin aikin kwana 148, 'yan wasa suka yi na kwana 118, kuma batun na'urar nan na cikin manyan dalilansu. Sun koma aiki da yarjejeniya a rubuce: ba za a kira na'ura marubuciya ba, ba za a kwaikwayi fuska ko muryar ɗan wasa ba sai da yardarsa da biyansa. A 2025 kamfanin Anthropic ya amince zai biya dala biliyan 1.5 ga masu littattafan da aka kwaso daga rumbunan sata na intanet. Mu fa? Jarumi ana damƙa masa sallama a hannu ba takarda. Mawaƙiya ta rera ta tafi, ba ta san inda muryarta za ta ƙare ba. Marubuciya ta wayi gari ta ji ana karanta littafinta a YouTube ba wanda ya ce mata sannu. Alhali Nijeriya na da dokar haƙƙin mallaka ta 2022. Ina kira ga MOPPAN da ƙungiyoyin marubuta: ku fito da takardar yarjejeniya ta shafi ɗaya, da Hausa, wadda ta ce ba a ba na'ura murya ko fuska ko rubutun kowa sai da izininsa da ladansa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ƙaramin furodusa zai ce shi na'urar sauƙi ta kawo masa. Bismillah, ba wanda ya hana ka. Ka gyara sauti da ita, ka tace hoto, ka gyara Turancin nan na ƙasan fim da ya daɗe yana ba mu kunya. Amma labarin ya zama naka, kuma in ka sa muryar da ba ta mutum ba ce, ka gaya wa mai kallo.

Saura kai, mai karatu. Datarka da kuɗinka su ke raya wankiya. Ran da ka fara tambayar "wannan labarin namu ne kuwa?" kafin ka kalla ko ka saya, ran nan furodusa zai fara neman marubucin gaske ya biya shi. Allah ya sa mu gane tun kafin ya zama ihu bayan hari.