Hijabi ya shiga filin wasa, saura 'ya'yanmu mata na bakin iyaka

Idan dai ba a manta ba, a ranar 26 ga watan Yulin 2025 ne ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta Nijeriya, wato Super Falcons, ta farke ƙwallaye biyu da Maroko ta zura mata a birnin Rabat, ta ci 3 da 2, ta ɗauki kofin Afirka karo na 10. Mako guda bayan nan kuma 'yan ƙwallon kwando na D'Tigress suka doke Mali a Abijan, suka ɗauki nasu kofin karo na biyar a jere. Jamhuriyar Nijar ma tana da Aminatou Seyni, wadda ta zo ta huɗu a tseren mita 200 a gasar duniya ta 2022 a Amurka.

Mun yi murna a Illela da Ƙonni da Jibiya da Maraɗi da Maigatari, amma da wuya a nuna yarinya ɗaya daga garuruwanmu a cikin waɗannan zakaru.

Hujjar da muka saba bayarwa ita ce sutura, kuma a da tana da ƙarfi, domin an taɓa hana mai lulluɓi buga ƙwallo. To amma tun 2014 masu tsara dokokin ƙwallon ƙafa suka amince da rufe kai, hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta bi sahu a 2017, sannan a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya sanye da hijabinta. Faransa ce ta hana nata 'yan wasan a Olamfik na 2024, wannan kuwa dokar gidanta ce.

Maganar ta wuce neman kofi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na minti 60 a kullum, kuma rahotonta na 2019 ya nuna kashi 85 cikin 100 na 'yan mata masu tasowa ba sa samun haka. Motsa jiki yana ƙarfafa ƙashi, yana kuma rage haɗarin hawan jini da ciwon suga, cututtukan da suke cinye jarin gidaje da yawa.

Wani zai ce 'ya'yanmu suna ɗebo ruwa, suna daka, suna yawon talla, wace motsa jiki ta fi wannan? Gaskiya ne suna wahala, sai dai tallar nan ita ke raba su da makaranta, inda nan ne ake da fili mai katanga da malama mace. Waɗanda ke zuwa makarantar ma, rashin audugar mata lokacin al'ada da ƙarancin jini sukan zaunar da su a gefe.

A nan ne 'yan kasuwa ke da ta cewa. Mu ke shigo da yadi da takalman gwanjo, telolinmu kuma ba za su gaza ɗinka dogon wando da hijabi marar nauyi ba. Kamfanin Nike ya fara sayar da hijabin wasa tun 2017 saboda ya hango ciniki. Haka nan ƙungiyoyinmu da ke sa kofi ga samari da 'yan kokawa za su iya ware wani abu don gasar 'yan mata tsakanin makarantu, a hannun malamai mata, iyaye suna kallo. Kuɗin ƙwallo biyu da katan ɗin auduga bai kai abin da muke kashewa a biki ɗaya ba. Allah Ya sa mu gane.