Ladan Wanda Ya Amsa Laifinsa

A cikin laifukan da ake kai wa gaban alƙali, babu wanda jama'a ke gaggawar yanke wa hukunci tun kafin kotu ta zauna kamar zubar da jini. Da zarar an ce wane ya kashe wane, sai baki ya zo ɗaya: rai a bakin rai. Amma kisa iri-iri ne, kuma shari'ar da ba ta rarrabe su ba ta cancanci sunanta ba. Maganata a nan tana kan mutum guda: wanda ya kashe ba da niyya ba, bai taɓa aikata laifi ba, kuma ya tsaya gaban kotu ya ce shi ya yi. Ina da'awar cewa yadda muke hukunta irin wannan mutum yana cutar da shi, yana cutar da iyalin mamaci, yana kuma koya wa na baya cewa ƙarya ta fi gaskiya riba.

A ƙaddara manoma biyu ne maƙwabta a wani ƙauye na Sandamu ko Baure. Ruwan shuka ya sauka, gardama ta tashi kan iyakar gona, aka yi cacar baki, ɗaya ya ɗaga ƙotar fartanya ya buga sau ɗaya. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Wanda ya yi bugun bai gudu ba, shi ya kama aka sa gawar a mota. Ranar da aka karanta masa tuhuma a Babbar Kotu, bai yi musu ba. Me ya dace alƙali ya yi da shi?

Dokar Final Kod ta 1959, wadda jihohin Arewa suka gada, ta san da irinsa. Sashe na 221 na kisan da hukuncinsa kisa ne. Sashe na 222 ya ware kisan da ya auku cikin tunzuri mai tsanani na ba-zata, ko faɗan da ya ɓarke ba shiri, ko wuce gona da iri wajen kare kai. Sai sashe na 224 ya ce hukuncin wannan shi ne ɗaurin rai da rai, ko abin da ya gaza haka, ko tara, ko duka biyun. A duba faɗin wannan fili: daga tara zuwa mutuwa a kurkuku! Mutum biyu masu laifi iri ɗaya, ɗaya a gaban alƙalin Daura, ɗaya a gaban na Funtuwa, suna iya rabuwa da tazarar shekaru goma, kuma kowane hukunci yana kan doka. Adalcin da ya dogara ga wanda ka tarar a kan kujera, sunansa sa'a.

An yi ƙoƙarin gyara. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka yi nasu kwatankwacinta, ta ce a sashe na 416 kada a ɗora wa mai laifin farko hukunci mafi tsanani, kuma a lissafa zaman da ya yi yana jiran shari'a. Wannan ci gaba ne, sai dai bai faɗi abin da amsa laifi ke ragewa ba. A Ingila an ƙayyade shi: wanda ya amsa tun zaman farko ana rage masa kashi ɗaya cikin uku na hukuncinsa, wanda ya jira sai ranar fara sauraren shaidu kuwa abin da zai samu bai wuce ɗaya cikin goma ba. Kowa ya san farashin gaskiyarsa tun kafin ya buɗe baki.

Mu a nan manominmu bai sani ba. To, wace shawara mai wayo zai ba shi? Ka musa. Shaidu za su gaji da zirga-zirga, ɗan sandan da ya yi bincike za a yi masa canjin wurin aiki, takardar likita za ta yi ɓatan dabo, wataƙila a sallame ka. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Nijeriya masu jiran shari'a ne, kuma kowace shari'ar da aka ja ba dalili tana ƙara tsawon layin. Wanda ya amsa laifinsa ya hutar da kotu, ya hutar da shaidu, ya hana matar mamaci zama tana sauraren yadda aka fasa kan mijinta sau biyar a zama biyar. Idan bayan duk wannan aka ba shi daidai da wanda ya yi ta rantsuwar ƙarya har aka kama shi, to mun shelanta wa duniya cewa mai gaskiya wawa ne.

Sannan ina iyalin mamaci a cikin lissafin? A ɗaure manomin shekara ashirin, marayu ba su samu ko tiya ɗaya ta gero ba, gidan wanda aka ɗaure shi ma ya rushe. Gida biyu sun mutu a maimakon ɗaya. Abin mamaki, maganin wannan yana cikin littafin da ake karantawa a zaurukan malamanmu. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa mai kisan kuskure diyya da kaffara. Risala ta Ibn Abi Zaid ta fayyace diyyar: raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, kuma dangin mai laifi na wajen uba ke haɗa ta. Kai, ko mai kisan ganganci idan magada suka yafe masa, mazhabar Malikiyya ta tsayar masa bulala 100 da ɗaurin shekara ɗaya. Fiƙihu ya fara duban wanda aka bari da rashi, mu kuwa mun fara duban tsawon zaman kurkuku.

Na san abin da za a ce. Za a ce sassauci zai mayar da jini araha, mai kuɗi ya kashe ya biya. Wannan tsoro na gaskiya ne, amma abin da ke mayar da jini araha shi ne sulhun bayan fage, inda ake tara dattawa a matsa wa gwauruwa ta ce ta bar wa Allah, alhali ba a tambayi abin da za ta ci gobe ba. Diyyar da kotu ta yanke a fili, tare da ɗauri gwargwado, ta fi wannan kare martabar rai. Za a kuma ce ana iya tilasta wa mutum ya amsa abin da bai yi ba. Jihar Katsina ba ta rasa abin tunawa a nan: Sani Yakubu Rodi ya amsa laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu a gaban kotun shari'ar Musulunci ba tare da lauya ba, bai ɗaukaka ƙara ba, aka rataye shi a Kaduna a Janairun 2002. Tuhumarsa ta kisan ganganci ce, amma darasin ya shafi kowa: kada a karɓi amsa laifin jini sai da lauya a gefe, da fassara cikin Hausar da mai laifi ke ji, da tabbacin ba dukan caji ofis ne ke magana da bakinsa ba.

Saboda haka ina kira ga Babban Jojin Jihar Katsina da Majalisar Dokoki su rubuta ma'auni a fili: nawa amsa laifi ke ragewa, nawa rashin laifin baya ke ragewa, me kuma ke ƙara nauyi, kamar amfani da wuƙa ko gudu bayan aikatawa. A wajabta wa alƙali jin ta bakin magada kafin hukunci, da yanke musu diyya, da rubuta dalilansa. Masarautar Daura, da hakimai da dagatai, su tsaya shaida a kan biyan diyyar, su daina zama masu binne magana.

Wanda ya kashe, ko da kuskure, dole ya ɗanɗana sakamakon hannunsa. Amma idan ya zo da kansa ya ce shi ne, kotu ta nuna masa cewa ta ji.