Ra'ayinmu: Sana'a Ma Ana Zuwa Nemanta Nesa



A majami'unmu na Wudil da ƙauyukan kewaye, idan aka ce yaro zai fita ƙasar waje karatu, abin da ke zuwa zuciyar iyaye shi ne likita ko lauya. Ba mu cika jin an roƙi addu'a domin a sami hanyar tura mai walda, ko birkila, ko malamin aikin lantarki ba. Muna gani lokaci ya yi da dattawa za su sake duban wannan al'amari.

Sa'ad da Sulemanu zai gina Haikali, yana da nasa gwanaye a Urushalima, duk da haka ya aika wa Hiram sarkin Taya ya turo masa gwanin aikin tagulla da ƙarfe da katako. Ku duba 2 Tarihi sura 2 da kyau: Sulemanu ya nemi baƙon ya yi aiki tare da gwanayen gida ne, ba shi kaɗai ba. Manzo Bulus ma a Koranti tare da Akila, wanda ya fito daga Italiya, ya zauna suna ɗinkin alfarwa.

Ƙasarmu ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka sayo kaya aka manta da mutum. Da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, an shigo da injinan koyar da sana'a daga ƙasashen Gabashin Turai, aka rarraba wa makarantun sakandare. Da yawa a cikin akwatuna suka yi tsatsa, domin babu wuta, babu kuma malamin da ya taɓa riƙe irinsu. A shekarun nan ne gwamnatin tarayya ta riƙa tura malaman fasaha Amurka horo, waɗanda suka dawo aji kuwa ɗalibansu sun shaida bambanci. Inji ba ya koyar da kansa. Malami ɗaya da ya je ya gani da idonsa, ya dawo ya yi shekara 20 yana koyarwa, ya fi kwantena guda ta kayan aiki amfani.

Kada kuma a ɗauka mu kullum masu karɓa ne. Matar nan da ke bayan takardar naira 20, Ladi Kwali, a ƙauye ta koyi ginin tukwane. A 1954 ta shiga cibiyar da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. A can ta koyi aiki da injin juya yumɓu da gashi mai zafi ƙwarai, ita kuma daga baya aka kai ta Ingila da Amurka tana nuna wa Turawa yadda ake gina tulu da hannu. Mu da muke zaune a garin da aka sani da tukwane, ya kamata labarin nan ya taɓa mu. Tun 1987 kuma Najeriya take tura malamai da ma'aikatan lafiya da injiniyoyi zuwa wasu ƙasashen Afirka da Karibiyan su yi hidimar shekara 2.

Gwamnatin Kano ta tura ɗalibai 501 ƙasashen waje a 2012, ta kuma sake buɗe irin wannan shiri a 2023. Abin yabo ne, sai dai na masu digiri ne da za su yi digiri na biyu. Yaron da ya gama Kwalejin Fasaha ta Gwamnati a nan Wudil da takardar aikin gini ko kanikanci ba shi a cikin lissafin. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote a ƙofarmu tun 2001 (a 2022 aka sa mata wannan suna), amma idan mai kuɗi zai shimfiɗa tayil a gidansa, sau da yawa ɗan Togo ko ɗan Benin yake nema.

To, ashe ba lallai sai Turai ba. A Porto-Novo ta ƙasar Benin akwai Cibiyar Songhai, wadda wani limamin Katolika ɗan Najeriya, Fada Godfrey Nzamujo, ya kafa a 1985. Matasa daga ƙasashe dabam-dabam suna zuwa can koyon noma da kiwon kaji da kifi, da yadda ake mai da kashin dabba taki da iskar girki. A mota ake zuwa. Ga ɗan manomi da ya tashi a bakin kogin Wudil, wannan ya fi kusa da rayuwarsa.

Mun san tsoron iyaye, ba ma kuma rena shi. Wani yaro zai tafi ba zai dawo ba, wani zai dawo ya daina zuwa sujada. Akwai kuma 'yan damfara masu cewa su wakilan makarantun waje ne, su karɓi kuɗin gona su ɓace. A wurin ƙananan ikilisiyoyi irin namu, rashin matashi ɗaya mai sana'a ba ƙaramin giɓi ba ne, gama sau da yawa shi ne mai gyaran janareta, shi ne mai bin ƙararrawar safe. Amma riƙe shi a gida ba sana'a shi ma hasara ne. A ƙarshe Kano ko Abuja zai tafi neman aikin gadi.

Saboda haka shawararmu ita ce a fara da malamai. Akwai masu koyar da ɗinki da kafinta da aikin lantarki a cikinmu, masu iyali, waɗanda za su tafi wata 3 ko 6 su dawo. Ikilisiya ɗaya ba za ta iya ɗaukar nauyin ba, amma ɗariƙunmu idan suka haɗa baiko na musamman sau ɗaya a shekara za su iya tura mutum ɗaya, da yarjejeniya a rubuce cewa zai dawo ya koyar da yara, namu da na maƙwabtanmu Musulmi. Ɗariƙun da ke da abokan bishara a ƙetare, idan za su rubuta wasiƙa, su roƙi a turo mana mai sana'a ya zauna wata biyu a shagon kafinta, ba masu wa'azi kaɗai ba. Zumuntar Mata ma ta kawo sunaye, kada a cika jerin da maza.

Iyaye kuma su nemar wa yara takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma tun yanzu, gama idan dama ta zo, kwanakin cike fom ba su da yawa. Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta sa wannan magana a taronta na gaba, sakatare kuma ya aiko mana da sunayen masu sana'ar da ke cikin ikilisiyarsu.