Kada Mu Yi Saurin Zargin Charlotte

A shekarar 1813 aka buga littafin Jane Austen mai suna Pride and Prejudice a ƙasar Ingila. Masu karatu da yawa suna yabon Elizabeth Bennet domin ta ƙi auren wanda ba ta so, suna kuma zargin ƙawarta Charlotte Lucas da kwaɗayi. Mu dai muna ganin ba a yi wa Charlotte adalci ba.

'Yan'uwa, bari mu duba yadda abin yake. Mahaifin Elizabeth yana da 'ya'ya 5, duka mata. Bisa ga sharaɗin gadon gidan, ranar da ya mutu gida da gonaki za su koma hannun wani danginsa, Mista Collins, fasto mai yawan fadanci ga masu kuɗi. Collins ya nemi Elizabeth, ta ƙi. Cikin kwana 3 ya koma wurin Charlotte, ita kuwa ta yarda. Shekarunta 27, ba ta da wata dukiya. A wancan zamani ba a karɓar mace a jami'a. In babu miji, sai 'yar gidan mutunci ta koyar da 'ya'yan masu arziki a gidajensu, ko ta tsufa tana cin alfarmar 'yan'uwanta maza. Ko matar aure ma, sai a 1882 doka ta sakar mata dukiyarta gaba ɗaya.

Elizabeth ta tsira ne domin Darcy, mai samun fam 10,000 a shekara, ya aure ta. Marubuciyar kanta, 'yar fasto ce, ba ta sami irin wannan ba. A 1802 ta karɓi wani mai neman aurenta, washegari ta janye. Bayan rasuwar mahaifinta a 1805, ita da uwarta da yayarta sun dogara ga taimakon 'yan'uwanta maza.

Yarinyar da in ta ce a'a za ta rasa abinci, ba zaɓi aka ba ta ba. A Littafin Ƙidaya sura 27, 'ya'yan Zelofehad su ma mata 5 ne, amma an ba su gadon ubansu. Saboda haka iyaye, mu ba 'ya'yanmu mata ilimi, da sana'a, da rabonsu na gado. Mu kuma masu shirya ma'aurata a ikilisiya, mu zauna da yarinya ita kaɗai kafin ranar ɗaurin aure, mu ji ko ƙauna ce ta kawo ta ko tsoron talauci.