Kogin Challawa Na Neman Mawaƙi

A shekarar 1886 wani limamin coci a Jamus, Sebastian Kneipp, ya fitar da littafi kan magani da ruwan sanyi. Yana saurayi tarin fuka ya kama shi, ya riƙa tsoma jikinsa a kogin Danube cikin hunturu, ya kuma yi imanin abin da ya warkar da shi ke nan. Ƙauyen Wörishofen, inda yake limanci, ya cika da masu neman lafiya, har aka samu masu tsara wa ruwa baitoci, waɗanda yau ba a cika tuna sunayensu ba.

Mu a Kano ruwan ne da kansa ke neman magani, ga shi kuma babu mai yi masa ko baiti ɗaya.

Duk wanda ya bi ta Challawa, wari ne ke fara tarbarsa kafin ya hango masana'antu. Kamfanonin jima suna gyara fata da sinadarin kuromiyam, ruwan da suka gama da shi kuma ya gangara kogi. Na Sharada yana bin rafin Salanta, na Bompai yana bin Getsi ya faɗa Jakara. A gefen waɗannan ruwaye ake noman latas da alayyafo da albasar da ke shiga tukunyarmu.

Malaman jami'a sun sha yin bincike a kan haka, amma da Turanci, a mujallun da mai lambu ba zai taɓa gani ba. Waƙa kuwa har gona take zuwa ta rediyo da waya. Mu'azu Haɗeja ya yaƙi shan giya da alƙalaminsa, Sa'adu Zungur ya tunkari bidi'a. Yau mawaƙanmu sun fi zafi lokacin zaɓe.

Ba ina cewa a rufe kamfanoni ba, domin gidaje da yawa a Kumbotso da fata suke cin abinci. Tun 2007 akwai hukumar NESREA, kuma ƙa'idojinta sun ce a tace gurɓataccen ruwa kafin a sake shi. Abin da ya rage shi ne matsin lambar jama'a.

Mawaƙin da zai iya sa Kano ta haddace sunan ɗan takara cikin mako guda, zai iya sa ta tambayi abin da ake zubawa a koginta.